Daga Jamus zuwa Illela: tarihin manhajar ofis da ba a sayen lasisinta

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10. A Amurka aka yanke hukuncin, amma ya shafi shagunan buga takardu na Illela, inda ake shirya takardun kaya da yarjejeniyoyin fatake, wasu da Turanci, wasu da Faransanci saboda abokan ciniki na Birnin Konni. Kwamfutocin irin waɗannan shaguna galibi na hannu ne, kuma Windows 11 ba ta karɓar injin da ba shi da guntun tsaro na TPM 2.0. Mai shagon da ba shi da halin sayen sabuwa na iya ɗora Linux a kan tsohuwar, ya sa mata LibreOffice a madadin Word da Excel. Yadda wannan zaɓi ya samu kyauta labari ne na shekara arba'in.

A 1985 wani matashi Bajamushe, Marco Börries, ya kafa kamfanin Star Division a garin Lüneburg, ya fara sayar da manhajar rubutu mai suna StarWriter, wadda ta bunƙasa ta zama StarOffice. Kamfanin Sun Microsystems ya saye shi a 1999, sannan a Oktoban 2000 ya saki asalin rubutun manhajar ga kowa da sunan OpenOffice.org. Da Oracle ya haɗiye Sun a farkon 2010, masu aikin sa kai suka ji tsoron makomar aikinsu, suka ɓalle a ranar 28 ga Satumba suka kafa gidauniyar The Document Foundation. LibreOffice ta farko ta fito a Janairun 2011, kuma a wannan shekarar Ubuntu ta maye gurbin OpenOffice da ita.

Nijeriya ta taɓa shiga tsakiyar wannan fafatawa. A 2007 aka ƙulla cinikin ƙananan kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate na Intel domin makarantu, ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. Ana cikin jigilar kaya sai labari ya ɓulla cewa za a goge Linux ɗin a sa Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi a ƙarshen Oktoba, Microsoft ya musanta yin wani abu ba bisa ƙa'ida ba, daga bisani hukumar USPF mai biyan kuɗin mafi yawan injinan ta ce tana nan kan Mandriva. Abin lura a rikicin shi ne ba a yi jayayya kan ingancin manhajar ba. Abin da ake takara a kai shi ne wace manhaja hannun yaro zai saba da ita, domin wanda ya koyi abu a aji da wuya ya sauya shi a ofis.

Ɗora manhajar kanta shi ne mafi sauƙin aikin. Linux Mint tana zuwa da LibreOffice a cikinta, a Ubuntu kuwa umarni ɗaya, sudo apt install libreoffice, ya wadatar. Inda data ke tsada ana iya sauke ta sau ɗaya, a zagaya da ita shago-shago a filasha ba tare da karya wata doka ba.

Wahalar tana cikin takardar. Tsarin adana fayil na OpenDocument ya samu amincewar hukumar ISO a 2006, amma Microsoft ya fito da nasa, wato docx, tare da Office 2007, shi ma ya samu amincewar a 2008. Kasuwa ta bi docx. LibreOffice tana buɗe shi tana kuma adanawa da shi, sai dai idan an rubuta takarda da salon haruffan Calibri, wanda mallakar Microsoft ne, aka buɗe ta a injin da babu shi, layuka kan zame, teburi ya tsallaka shafi, wurin sa hannu ya koma bayan takarda. Ga wakilin fito da kaya da mota ke jira a bakin iyaka, wannan asara ce ta yini guda. Maganin ya zo daki-daki: Red Hat ya fitar da haruffan Liberation a 2007 masu faɗi daidai da Arial da Times New Roman, daga baya aka samu Carlito a madadin Calibri da Caladea a madadin Cambria. Wanda ya ɗora LibreOffice bai sa waɗannan ba, rabin aiki ya yi.

Sai kuma namu haruffan. Unicode ta tanadi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tun farkon shekarun 1990, amma ba kowane salon haruffa ke ɗauke da su ba. DejaVu da Andika suna da su. A Illela wannan ya fi muhimmanci, tunda Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, kuma takarda ɗaya kan bi ta hannun mutanen ɓangarorin biyu.

Takardar da aka gama, wadda ba a son kowa ya taɓa, gara a fitar da ita a PDF, domin yana kulle haruffan a cikin fayil ɗin, ta bayyana a Konni yadda ta bar Illela. OpenOffice ta sa maɓallin yin haka tun a 2003, shekaru kafin Word ya samu nasa.