Shekara goma da sara ke jiran layi

A 1993 kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da Magic: The Gathering, wasan kartar da masanin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙiro. Tun daga farko, matsalar da ta fi ci wa 'yan wasa tuwo a ƙwarya ita ce ta lokaci. Kana iya jefa kati a tsakiyar zagayen abokin karawarka, shi ma ya mayar maka da martani nan take. To, na wa zai fara aiki? Dokokin farko sun kasa katunan gida-gida, kowane da lokacinsa, sai wanda ya daɗe a fagen ke gane kansu.

Bugu na shida, a 1999, ya kawo tsarin tari. Duk abin da aka jefa ana ɗora shi bisa na baya, kuma na sama ake fara ɗauka, kamar kwanukan da aka jera. Har saran da mayaƙa ke yi wa juna a fagen fama aka sa cikin wannan tari, ya jira a ba kowa damar martani kafin ya sauka.

Nan dabara ta samu ƙofa. Ɗauki katin Mogg Fanatic, ƙaramin mayaƙi mai ƙarfi 1, wanda idan aka sadaukar da shi yakan yi rauni 1. Mai shi zai tare maharin da ke jure rauni 2, ya bari saransa ya hau tari, sannan ya sadaukar da shi. Mayaƙin ya bar fili, amma saransa na nan tafe. Rauni biyu ya haɗu, babban ya faɗi. Sabon ɗan wasa kuwa sai ya saki baki, yana ganin mamaci ya kai sara.

A watan Yulin 2009, da fitowar Magic 2010, kamfanin ya cire sara daga tari. Tsofaffin hannu da yawa suka yi ƙorafin an rage wa wasan zurfi. A ganina ƙorafin bai tsaya da ƙafafunsa ba. A da, wanda ya san dokar yakan ci riba biyu ba tare da ya auna komai ba. Yanzu dole mai Mogg Fanatic ya zaɓa, ko sara ko sadaukarwa, kuma ya zaɓa kafin sara ya sauka.

Gyaran na 2009 ya zo da nasa ƙulli, wato jera masu tarewa bi da bi kafin a raba musu sara. Shi ma an soke shi a 2024, da fitowar Foundations.