Ɓerayen daji da cututtukan fumfuna masu kama mutum

Fumfuna ita ce wannan hunhuna da ke fitowa a jikin hatsi ko albasa in sun sha raɓa. Tana da dangogi masu yawa, kuma kaɗan daga cikinsu suna iya zama a fata ko a huhun dabba da mutum. Ɓerayen daji, wato kusu, gafiya da kurege, suna cikin masu ɗauke da irin waɗannan. Manomi ya san ɓarnar kusu a rumbu, ya kuma ji labarin zazzaɓin Lassa, amma wannan ɓangare ba a cika zancensa ba.

Ba ta hanyar cizo cutar ke zuwa ba. Ƙwayar tana zama a gashin ɓeran ko a huhunsa, ana kuma zaton in ya mutu a rami takan ci gawar ta yaɗu a ƙasar wurin. Mutum yana ɗauka ta taɓawa ko ta shaƙar ƙura.

A 1956 aka fara gano fumfunar Talaromyces marneffei a jikin ɓeran gora a Biyetnam. Da ƙanjamau ya bazu, sai ta zama babbar mai kisa ga masu raunin garkuwar jiki a Tailan da kudancin Sin. A Arizona da Kalifoniya ta Amurka kuma akwai Coccidioides, wadda ake yawan samu a ƙasar ramukan ɓerayen hamada, tana kama huhun masu noma da masu haƙa. Duka biyun suna cikin jerin fumfuna 19 masu haɗari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022. Cututtukan can ne, ba namu ba, amma hanyar da Coccidioides ke bi ita ce abin lura: rami, busasshiyar ƙasa, ƙura. Duk muna da su a Illela.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce makero. Yawancin makeron yara daga kan yaro zuwa kan yaro yake tafiya, ta aska, hula da matashi. Amma akwai jinsin da gidansa jikin ɓera ne. Mussa ta kama kusu ta ɗauka, yaro ya rungumi mussa, bayan mako ɗaya zuwa biyu sai zobe mai ƙaiƙayi ya fito. Na dabba ya kan fi na mutum kumburi, wani lokaci har ya yi ruwa ya ci gashi.

Lokacin haɗari shi ne bayan kaka, da yara ke fita tonon gafiya, magidanta kuma ke share rumbu. A yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci, sannan a bar rumbun ya bushe sarai kafin a zuba gero, don kada a gudu wata fumfuna a jawo wata. Mataccen ɓera a ɗauke shi da leda a hannu a binne. Mussar da gashinta ke zubewa faci-faci a raba ta da shimfiɗar yara. 'Yan tonon gafiya kuwa, ni dai ban ga mai iya hana su ba. Ko wanka da sabulu suka yi in sun dawo, an rage.

Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa fumfuna. Makeron jiki yana jin man shafawa irin su kulotirimazol, amma na kai sai an sha ƙwaya kamar girisofulbin na makonni, bisa umarnin ma'aikacin lafiya. A guji mayukan haɗi masu sitirod da ake sayarwa a kasuwa: suna kwantar da ƙaiƙayi, zoben kuma yana ta faɗi.

Tarin da ya daɗe, aka gwada ba tarin fuka ba ne, ko aka sha magani bai saki ba, musamman ga mai ƙanjamau ko ciwon suga, a faɗa wa likita irin aikin ƙurar da ake yi, a nemi ya tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.