Tsakanin Magani da Guba: Tarihin Famfon da Ke Auna Kulorin a Ruwan Sha

A yawancin gidajen ruwa na zamani, da masana'antun fiya wata, da wasu manyan rijiyoyin burtsatse, akwai wani ɗan inji da ba ya ɗaukar hankalin kowa. Wani ma bai kai girman kwalin takalmi ba. Yana zaune a gefe yana ƙwas-ƙwas, an haɗa shi da tankin magani ta wani siririn tiyo. Aikinsa ɗaya ne: ya tsiyaya sinadari a cikin ruwa daidai gwargwadon da aka ce masa. A nan za mu kira shi famfon awo, don a bambanta shi da famfon da muke buɗewa mu tari ruwa.

Wannan awon ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla miligiram 0.5 na kulorin a kowace lita bayan ya yi minti 30 a cikin ruwa, kuma kada ya gaza 0.2 a lokacin da ruwan ya iso wurin mai sha. Iyakar da ta sa ta sama kuwa miligiram 5 ce. In ya gaza, ƙwayoyin cuta su tsira. In ya zarce da nisa, maganin ya koma guba. Tarihin wannan inji, tarihi ne na yadda mutane suka koyi tsayawa a wannan ɗan tsakanin.

Kafin a samu inji

Tun 1774 wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Scheele, ya fitar da iskar kulorin. A 1854 kuma likita John Snow ya nuna cewa ruwan wata rijiya ne ke yaɗa kwalara a wata unguwa a Landan. Amma an daɗe kafin a yarda a zuba kulorin a ruwan sha. Ina dalili? Mutane sun san shi ne a matsayin abin wanke tufafi da kashe warin masai. Wa zai yarda a sa masa shi a randa?

Sai annoba ta tilasta. A 1905 zazzaɓin taifot ya kama fiye da mutum 1,000 a garin Lincoln na Ingila, sama da 100 suka mutu. Dakta Alexander Houston ya sa aka riƙa zuba ruwan kulorin a ruwan garin, annobar ta lafa. To amma wannan matakin gaggawa ne. Tambayar da ta rage ita ce: za a iya yin haka kullum, dare da rana, ga babban birni, ba tare da awon ya kauce ba?

Shari'ar Jersey City

Amsar ta fito ne daga wata rigimar kotu a Amurka. Birnin Jersey City ya ba wani kamfani kwangilar kawo masa ruwa daga madatsar Boonton, sannan ya kai kamfanin ƙara cewa ruwan ba shi da tsabtar da aka yi alkawari. A watan Mayun 1908 alƙali ya yarda cewa a wasu ranaku ƙwayoyin cuta na yin yawa a ruwan. Ya ce a gina magudanan ƙazanta masu tsada, ko kuma a kawo wata hanyar da za ta yi daidai da su.

Mai ba kamfanin shawara, likita John L. Leal, ya ga dama ta samu. Ya ɗauko injiniya George Warren Fuller, suka gina wurin zuba magani cikin kwana 99. Ranar 26 ga Satumba 1908 aka fara sa kulorin a ruwan da ya kai galan miliyan 40 a rana.

Abin lura shi ne, babu famfon awo a wancan lokacin. Dabarar Fuller ita ce a jiƙa garin kulorin a manyan tankuna, a tsarma shi zuwa ƙarfin da aka sani, sannan a bar shi ya zuba ta wata ƙaramar kafa daga tankin da tsayin ruwan cikinsa ba ya canjawa. Duk wanda ya taɓa huda jarka ya san cewa in tana cike ruwa na fita da ƙarfi, in ta yi ƙasa sai ya rage. Idan ka tsayar da tsayin ruwan wuri guda, ka tsayar da saurin zubarsa ke nan. Abin da ake sawa bai kai rabin miligiram a lita ba. A 1910 kotu ta yanke cewa hanyar tana aiki kuma ba ta cutarwa, sai birane suka yi ta kwaikwayo.

Daga nan aka koma ga iskar kulorin da ake matsewa a tukwanen ƙarfe. Likitan sojan Amurka Carl Darnall ya ƙirƙiro hanyar a 1910, Charles Wallace da Martin Tiernan kuma suka fara sayar da injinsu a 1913. Manyan gidajen ruwa har yau suna amfani da jikokin wannan injin. Sai dai iskar kulorin na kisa in ta tsiyaya, don haka ƙananan wurare sun fi son maganin ruwa-ruwa. Ga kuma wata matsalar: maganin da ke zuba da nauyin kansa ba zai iya kutsawa cikin bututun da ke da matsi ba. Ana buƙatar abin da zai tura shi, kuma ya auna shi a lokaci guda.

Haihuwar famfon awo

A 1936, a birnin Filadelfiya, Milton Roy Sheen da ɗansa Robert, wanda masanin sinadarai ne, suka kafa kamfanin Milton Roy don ƙera irin wannan famfo. Yadda yake aiki kamar sirinji ne. Sanda ta ja baya, magani ya shigo ta wani bawul mai ƙwallo. Ta turo gaba, wancan bawul ya rufe, na gaba ya buɗe, magani ya fita. Kowane bugu da adadinsa. In kana son ƙari, ko ka tsawaita bugun ko ka ƙara yawansa a minti.

Matsalar na farko-farkon ita ce yoyo ta gefen sandar, kuma yoyon asid ko kulorin ba irin na ruwa ba ne. Sai aka sa wani faifan roba mai lanƙwasa tsakanin sandar da maganin, yana shiga yana fita kamar fatar ganga. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanin ProMinent na birnin Heidelberg a Jamus ya fito da nau'in da maganaɗisun lantarki ke bugawa, ba mota ba giya. Wannan ya sa injin ya ƙanƙance ya yi araha, shi ne mai ƙwas-ƙwas ɗin da ake gani yau.

Lissafinsa ba wuya. A ce burtsatse na ba da lita 10,000 a awa, ana son miligiram 2 a kowace lita. Wato giram 20 na kulorin a awa. In maganin da aka haɗa yana da giram 10 a lita, famfo zai tura lita 2 a awa. Shi ke nan.

Yanzu a ce injin ruwan ya tsaya da dare, famfon awo kuwa bai sani ba. Cikin awa 10 ya zuba giram 200. In ruwan da ya rage a tanki lita 1,000 ne, ya zama miligiram 200 a lita, ninki 40 na iyakar da aka sa. Ƙarfin wannan inji shi ne rauninsa: ba ya gajiya, kuma ba ya tambaya.

Darussan da aka saya da tsada

Hakan ba lissafin takarda ba ne kawai. A watan Mayun 1992, a ƙauyen Hooper Bay na jihar Alaska, sinadarin fulorayid da ake sawa don kare haƙora ya yi yawa a ruwan wata rijiya. Ana son kusan miligiram 1 a lita, aka auna har 150. An ƙiyasta mutum 296 sun kamu da amai da ciwon ciki, mutum ɗaya ya rasu. Bincike ya gano kurakurai a haɗin lantarki da na bututu, kuma mai kula da wurin bai samu horon da ya kamata ba. Shi ya sa dokar farko ta girka famfon awo ita ce a ɗaure shi da gudun ruwa: ruwa ya tsaya, shi ma ya tsaya. Mafi inganci a sa na'urar da ke jin ruwan yana tafiya da gaske, domin injin ruwa na iya juyawa alhali rijiya ta ƙafe.

Akwai kuma zuƙo. Kun ga yadda ɗan bumburutu ke jan fetur da tiyo: ya zuƙa sau ɗaya, man ya yi ta zuba da kansa. Idan tankin magani ya fi wurin zubawa tsayi, ko matsin bututu ya faɗi, magani zai bi ta cikin famfon ya wuce ko da a kashe yake, don bawul ɗinsa gaba suke buɗewa. Maganin wannan shi ne bawul mai sifirin a layin fita, wanda ba ya buɗewa sai famfo ya tura da ƙarfi. Ana kuma haɗa famfon da ƙaramin tanki mai ɗaukar maganin yini guda, ta yadda ko komai ya lalace ɓarnar na da iyaka.

A watan Afrilun 2007 aka ga wani salon a garin Spencer na jihar Massachusetts. Bayan an yi gyara, sai aka bar injin zuba soda, irin wadda ake sabulu da ita, a kan aiki da hannu maimakon a mayar da shi kan mai sarrafa kansa. Ya kwana yana zuba. Da safe mutane suka shiga wanka fata na ƙuna, kusan 100 aka kai asibiti. Injin lafiyarsa ƙalau. Maɓalli ɗaya ne aka manta.

A Camelford ta Ingila kuwa kuskuren ya faru tun kafin a zo kan famfo. Ranar 6 ga Yuli 1988 wani direban da bai san wurin ba ya kawo tan 20 na alam, sinadarin da ke sa laka ta kwanta. Bai tarar da kowa ba, ya juye shi a tankin ruwan da ke shirin tafiya gidajen mutum kusan 20,000. Tun daga nan aka ƙara tsanantawa: kowace bakin tanki da sunanta da makullinta, kuma ba a sauke magani sai ma'aikaci na tsaye. Wannan na da wani amfanin. Alam da asid in suka haɗu da ruwan kulorin, iskar kulorin ce ke tashi, mai shaƙe mutum a rufaffen ɗaki.

Ɗaya ɓangaren ya fi kisa. A watan Mayun 2000 aka yi ruwa mai ƙarfi a Walkerton ta Kanada, kashin shanu ya shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin garin. Garin bai kai mutum 5,000 ba, amma sama da 2,300 suka kamu da cuta, 7 suka mutu. Kwamitin mai shari'a Dennis O'Connor ya gano cewa masu kula da ruwan sun yi shekaru suna sa kulorin ƙasa da ƙa'ida, suna cika littafin awo da alƙaluman da ba su auna ba. Ya ce da akwai na'urar da ke auna ragowar kulorin ba ƙaƙƙautawa a rijiyar, da annobar ba ta auku ba.

Abin da ya shafe mu

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Injinan nan sun iso mana, yanayinmu kuma ya ƙara musu nasa matsalolin. Wuta na ɗaukewa ana komawa janareta, don haka batun ɗaure famfon awo da injin ruwa ya fi zama dole a wurinmu. Zafi na rage ƙarfin ruwan kulorin, jarkar da ta yi makonni a rana ba ita ce wadda aka saya ba. Yana kuma fitar da kumfar iska da ke taruwa a kan famfon, sai ka ji yana ƙwas-ƙwas amma ko ɗigo ba ya fita. A lokacin damina, lokacin kwalara, irin wannan shirun ne abin tsoro.

Saboda haka a ajiye magani a inuwa, a girka famfo kusa da tanki da gajeren tiyo, a riƙa fitar masa da iska. A sa bawul ɗin sakin matsi, domin in aka rufe hanya famfon ba zai daina turawa ba sai tiyo ya fashe, sau da yawa a fuskar wanda ke kusa. Kafin a kwance komai a kashe wuta, a saki matsin, a sa tabarau da safar hannu, ruwan wanke ido na kusa. Tiyo da bawul su zama na robar da ke jure sinadarin, don kulorin na cin ƙarfe da tagulla. Kada a yarda da lambar da ke jikin maɓalli: a sa famfon ya ja daga kwalba mai ma'auni na minti ɗaya, a ga abin da ya sha da ido.

Bayan duk wannan, hujja ta ƙarshe tana bakin famfon mai sha. Ana ɗiban ruwa, a jefa ƙwayar gwaji, ya koma ruwan hoda gwargwadon kulorin da ya rage. Gwajin bai fi minti biyu ba, kuma shi ne wanda aka daina yi a Walkerton. Idan unguwarku ko makarantarku ko masallacinku na da burtsatse mai irin wannan inji, ku tambayi mai kula da shi abu biyu: in ruwa ya tsaya, famfon maganin na tsayawa? Kuma yaushe rabonsa da auna ruwan?