Kauri

kauri (suna, namiji). Sifa: kakkaura, jam'i: kaurara.

1. Cikar jikin abu daga wannan gefe zuwa wancan: Ganuwar Ƙofar Dawanau ta fi kauri daga gindi.

2. Rashin tsinkewar abu mai ruwa, kamar kunu.

3. (Masana'antar roba) Nauyin tafiyar narkakkiyar roba a cikin inji. Zafi yana rage shi. Haka ma iska irin su kabondayoksaid da naitirojin: idan aka tura su da matsi mai ƙarfi sai su narke a cikin robar, su shiga tsakanin dogayen zaruruwan ƙwayoyinta, zaruruwan su riƙa zamewa a kan juna. Sai robar ta tsinke, ta cika lungunan zubi ba tare da an ƙara wuta ba. Da ta fito bakin inji, matsi ya faɗi, iskar ta tashi kumfa, kaurin ya dawo. Haka ake samun roba mai soso. Masu niƙa tsoffin robobi a Sharaɗa ba sa son irin wannan kumfa, shi ya sa suke shanya niƙaƙƙen kayan: danshi kan zama tururi a cikin inji ya huhhuje bokitin da aka yi da robar.

Misali: Rage wuta, Malam, robar ba ta da kauri.