Ruwan Bagaja

Ruwan Bagaja ƙagaggen labari ne da Abubakar Imam ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Wasu na ɗaukarsa labarin yawon duniya kawai, amma gabar tauraron labarin, Alhaji Imam, da Malam Zurƙe zambo ce ga malaman tsibbu masu cin jahilcin jama'a. Alhaji ya zana jinjirin wata a ƙasa, Zurƙe ya karanta shi a matsayin harafi, mutanen gari suka kori Zurƙe. Wai littafin ya raina malanta? A'a, mai ilimin ne aka wulaƙanta.