Wasa ɗaya, fuska uku: tarihin Budokai Tenkaichi 2 a kan Wii

A watan Nuwamba na 2006 kamfanin Nintendo ya fito da na'urar Wii, wadda ake sarrafa ta da motsin hannu. Cikin wasannin da suka raka ta kasuwar Amurka akwai Dragon Ball Z: Budokai Tenkaichi 2, wasan faɗa da kamfanin Spike na Japan ya gina kan labarin zane na Akira Toriyama. Mai wasa kan riƙe sanduna biyu, ya ja hannuwansa baya, ya turo su gaba, sai Goku ya harba Kamehameha a kan allo.

Sai dai abin da ya isa hannun ɗan Amurka ya bambanta da na ɗan Japan. A Japan sunan wasan Sparking! Neo, kuma yana ɗauke da kiɗan Shunsuke Kikuchi, wanda masu kallon fim ɗin suka saba da shi tun suna yara. A Amurka kuwa kamfanin Atari ya fitar da shi da wani suna, da wani kiɗa daban. Sunan ma juyi ne na Tenkaichi Budokai, gasar da jarumai ke fafatawa a cikin labarin.

Saurin da aka yi don cim ma ranar fitowar Wii a Amurka bai zo da riba ba. Bugun Japan na Janairun 2007 da na Turai na Maris ɗin shekarar sun samu ƙarin mayaƙa, irin su Sarkin Aljanu Piccolo da mutum-mutumin Pilaf, da ƙarin filin daga guda. Wanda ya jira shi ya fi samu. Ga shi kuma Nintendo ta kulle kowace na'ura da yankinta, faifan Turai ba ya aiki a na'urar Amurka, don haka inda mutum ya sayi na'urarsa shi ke yanke masa irin wasan da zai gani.

Sai a Oktoban 2024 wannan rarrabuwar suna ta zo ƙarshe, sa'ad da Sparking! Zero ya fito da suna ɗaya a duk duniya, watanni bakwai bayan rasuwar Toriyama. Mai tsohon faifai a gida, ya duba bayan kwalin ya ga wane yanki aka buga masa.