Igwar Mizon da Baƙin Jalingo

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991 muke fatan baƙi masu yawon buɗe ido su riƙa yada zango a Jalingo, maimakon su zarce tsaunin Mambila. To, wane tarihi za mu ba su?

A ƙarshen 1892 wani Bafaranshe, Louis Mizon, mai takara da kamfanin Ingilishi a kan kogin Binuwai, ya taimaki Sarkin Muri Muhammadu Nya da igwa, aka ci garin Kona na Jukunawa. A 1893 sansanin yaƙin sarki ya zama gari, aka sa masa Jalingo, wato wurin nasara da Fulatanci.

Amma fa jikokin mutanen Kona suna nan a gefen gari. Baƙon da ya sha labari a fada zai nemi jin nasu, alhali mu kanmu ba mu cika tambayarsu ba.